Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin SUBEB: A Ba Ajin Haɗaka Izini Da Kayan Aiki A Makarantun Ƙauye

Zuwa ga masu girma shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne a kan wani abu da kowannenku ya sani, amma tsarin aikinmu yake yi kamar babu shi. A ƙauyuka da rugage da dama, makarantar firamare aji shida ce a rajista, malamai kuwa biyu ne ko uku. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, kuma jadawalin darussa da tsarin aikin zango da horon da ake bayarwa a kwalejojin ilimi duk an gina su ne a kan kowane aji yana da malaminsa. Malamin da aka bar wa aji uku sai ya yi dabarar da ta rage masa: ya cika allo da rubutu a wannan ɗakin, ya ɗora monita a kan wancan ya riƙa rubuta sunayen masu surutu, shi kuma ya tsaya a na ukun. In aka raba yini uku, kashi biyu zaman jira yaro yake yi. Wani lokaci a tara su duka a ɗaki guda, a koyar da darasi ɗaya wanda ya yi wa manya sauƙi ya kuma fi ƙarfin ƙanana.

Ke nan haɗa yara masu shekaru daban-daban a hannun malami ɗaya yana nan tun tuni, tilas ce ta kawo shi. Roƙonmu shi ne ku amince da shi a rubuce, ku ba shi kayan aikinsa, a mai da shi aji mai tsari inda yaro ke tafiyar da karatunsa da kansa gwargwadon ƙarfinsa, a cikin makarantar da ake da ita. Wannan shi muke kira ajin haɗaka.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali kuma sun yi masa aiki. A Kolombiya, a shekarar 1975, Vicky Colbert da Beryl Levinger da wani malamin karkara, Óscar Mogollón, suka fara tsarin da ake kira Escuela Nueva domin makarantun tsaunuka masu malami ɗaya ko biyu, inda yara ke barin makaranta lokacin tsinkar kofi su dawo an wuce su. Maimakon littafin da sai malami ya tsaya ya bayyana shi, suka rubuta littattafan jagora da ke magana da yaro kai tsaye: karanta wannan, tattauna da abokan teburinka, auna wancan, je gida ka tambayi babanka kaza. Yara na zaune ƙungiya-ƙungiya, kowa a inda ya kai, wanda ya yi fashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsarin ya zama manufar gwamnati, ya kai makarantun karkara kusan 20,000. Binciken da UNESCO ta fitar a 1998 kan ƙasashen Latin Amurka ya nuna yaran karkarar Kolombiya sun zarce na biranen ƙasar, in aka cire manyan birane. A Indiya kuma, cibiyar ilimin karkara ta Rishi Valley a jihar Andhra Pradesh ta farfasa manhaja zuwa katuna da tsanin koyo. Jihar Karnataka ta ɗauko dabarar a 1995, Tamil Nadu ta gwada a wasu makarantun birnin Chennai a 2003 sannan ta yaɗa a makarantun firamaren gwamnatinta a 2007. Tushen tunanin ya girme su duka: tun 1907 Maria Montessori, wata malama 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a unguwar San Lorenzo a birnin Rum, kuma makarantun da ke bin tafarkinta har yau suna haɗa yaran da tazarar shekarunsu ta kai uku a ɗaki ɗaya. Sunan nata dai ya cika allunan makarantun kuɗi a biranenmu, amma ka leƙa ciki ka ga benci a jere da malama riƙe da bulala.

Iyayen yaranmu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan tsari, ko da ba su taɓa jin sunan Kolombiya ba. A makarantar allo, ƙolo da titibiri da gardi tabarma ɗaya suke zama. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefe ya yi nisa a izu. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya karatunsa daidai, ba a kuma tsare shi don ɗan uwansa bai iya ba. Babu wanda ya taɓa cewa yaro ya faɗi shekara a makarantar allo. Ba muna cewa a kwafo komai ba ne, domin bulala da hadda ba tare da fahimta ba su da gurbi a abin da muke bayani. Amma in za ku yi wa kwamitin makaranta da mai unguwa da liman bayani, ta nan za a shiga, kuma za su gane kafin a gama magana.

Ga yadda ajin yake a aikace. A fara da aji ɗaya zuwa uku, a haɗe su a ɗaki guda, yara 36 zuwa 40, kusan kashi uku daidai. Malami ɗaya zai riƙe su. Kowace shekara kashi ɗaya ya wuce aji huɗu, sabon kashi ya shigo, kashi biyu suna nan sun san ƙa'idar ɗakin, su ne za su koya wa baƙi inda ake ajiye kati da yadda ake karɓar alli. Wannan shi ne babban amfanin haɗakar, kuma shi ya sa shekarar farko ta fi kowacce wuya, don a lokacin kowa baƙo ne. In yaran sun kai 80 ko 90, kada a soma. Tsarin yana rage wa malami tsayuwa gaban allo, amma ba ya sa mutum ɗaya ya iya sauraron karatun yara 90 ɗaya bayan ɗaya. Makarantun da suka dace su ne ƙanana, waɗanda ajujuwansu na ƙasa in an haɗa ba su wuce 40 ba, ko masu malamai biyu da za a raba yaran ɗaki biyu, kowane ɗaki da manya da ƙanana.

Benci masu nauyi a jingina su da bango ko a kai wa manyan ajujuwa. A shimfiɗa tabarmi huɗu manya. A shafe bango da siminti mai laushi daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya, a zagaye ɗakin, a shafa fentin allo, a ja layi a raba wa kowane yaro faɗin santimita 60 da sunansa a sama. Yara 36 za su ci kusan mita 22, ɗaki mai mita 7 da mita 8 kuwa zagayensa mita 30 ne, saboda haka ko an cire ƙofa da wurin ajiyar kaya zai isa. Wannan allon bango daga Indiya aka koyo shi, kuma yana da amfani biyu: ba ya cin littafin rubutu, sannan malami daga tsakiyar ɗaki yana ganin aikin kowa da waiwaye ɗaya. A sayi fenti na gaske. Baƙin tsohon batir da ake shafa wa allo a ƙauye bai dace ba a nan, domin hannun yara na kai kullum, daga can kuma sai baki.

Zuciyar aikin ita ce tsani da katuna, kuma a nan muke so ku fi zuba ido. Ba a canza manhajar ƙasa. Ana ɗaukar abin da ta ce yaro ya iya a karatu da lissafi daga aji ɗaya zuwa uku, a jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a yanka shi matakai. Mataki 12 zuwa 15 a shekara ga kowane darasi ya isa. Kowane mataki yana da katuna iri biyar, kamar yadda Rishi Valley ta tsara: na gabatar da sabon abu, na maimaici, na gwaji, na gyara ga wanda bai ci gwajin ba, da na ƙari ga wanda ya gama da wuri. In kowane mataki yana da kati 8 zuwa 10, darussa biyu na shekara uku za su kai kati kusan 600 zuwa 900. Tsanin shi ne hoton wannan jerin, manne a bango, kowane gurbi da lamba da alamar dabba ko wani abu da yaro ya sani. Yaron da bai iya karatu ba tukuna yana duba tsani ya ga gurbinsa na gaba zakara ne mai lamba 4, ya je akwatin zakara ya ɗauko kati na 4. Ba sai ya tambayi kowa ba.

A karatun Hausa, tsanin zai fara da wasula biyar, sannan baƙaƙen da suka fi yawa a magana irin su n da k da m da s, a haɗa gaɓa tun makon farko domin yaro ya karanta kalma ta gaske da wuri, irin mama da kaka da nama. Masu lanƙwasa da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw su zo daga baya, kowanne da matakinsa. Wanda zai karɓi katuna daga maɗaba'a ya duba su ɗaya-ɗaya, don sau da yawa na'ura na zubar da lanƙwasa, baƙi ya koma baki, kuma yaron da ke aiki shi kaɗai ba shi da wanda zai gyara masa. Ba sai an fara rubuta komai daga tushe ba. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da kayan shirin RANA na Katsina da Zamfara, suna da jerin haruffa da gajerun labarai da ƙwararru suka tsara, ana iya neman izini a ɗora a kai. Umarnin da ke jikin kati dole ya zama cikin harshen da yaro ke ji. A rugar da Fulatanci ne harshen gida, a yi shi da Fulatanci. Katin da yaro bai fahimci abin da ake so ya yi ba, kwali ne kawai.

Lissafi ba ya buƙatar kayan waje. Tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma da roba, marafan kwalba, ƙwallayen dabino, igiya mai ƙulli a kowace santimita 10, mudu da gwangwanin madara. Kowace tabarma da gwangwaninta mai tsinke aƙalla 200, domin ranar da aka zo ɗebe 27 daga 52, sai yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa kafin maganar aro ta zauna masa a kai.

Tabarmi huɗun nan ba na aji ɗaya da biyu da uku ba ne. Katin da ke hannun yaro shi ke faɗa masa inda zai zauna. Katin sabon abu na kai shi tabarmar malam. Katin maimaicin farko na kai shi ta kusa da malam, inda za a leƙa shi jifa-jifa. Akwai tabarmar taimakon juna, akwai ta aikin kai, wadda a nan ake yin gwaji. Don haka ɗan shekara tara da ya shigo makaranta a makare zai iya zama kusa da 'yar shekara shida suna koyon harafi ɗaya, bayan hutun tara kuma shi ne ke gaba a lissafi saboda ya saba ba da canji a kasuwa.

Da safe, minti 15 zuwa 20 a zauna da'ira, a gaisa, kowane yaro ya sa wa kansa alama a takardar halarta da ke bango, yadda ake yi a Kolombiya. Daga nan a shiga aikin karatu na minti 90 ba yankewa, ba ƙararrawa. Bayan tara, lissafi na awa ɗaya ko fiye. Sauran lokacin na abin da ake yi tare ne: addini, tatsuniya, waƙa, lambu, motsa jiki. Darasin minti 35 da ƙararrawa a ƙarshensa ba ya tafiya da wannan tsari, domin kafin yaro ya ɗauko kati ya zauna ya nutsu, an cinye kusan rabin lokacin. Malam yana zaune ƙasa a tabarmarsa da yara shida zuwa takwas na minti 10 zuwa 15, ya tashi ya zaga, ya dawo. Idan yaro ya ga ya shirya, shi zai ce a gwada shi. Malam ya saurare shi shi kaɗai, in ya ci a rubuta kwanan wata a gurbinsa a takardar ci gaba, in bai ci ba a ba shi katin gyara. Ƙa'ida ɗaya ba a ɗaga mata ƙafa: duk yaron da ya maƙale a mataki ɗaya har mako biyu suka wuce, tabarmar malam zai koma kullum har sai ya haye. In babu wannan, yaro mai shiru-shiru zai shekara a gindin tsani ba wanda ya lura.

Da yake ana cewa yara ke jagoranci, wasu za su ɗauka sakin linzami ne. Yaro ba shi da zaɓin ko zai koyi karatu. Abin da ke hannunsa shi ne saurin tafiyarsa, da lokacin da zai nemi gwaji, da littafin da zai ɗauka a kusurwar karatu, da wanda zai nemi taimakonsa. Makarantun Escuela Nueva kan ajiye ƙaramin laburare na littattafai kusan 100 a aji. Mu ko 40 aka fara da su na Hausa masu hoto, an yi abin kirki. Sai kuma gwamnatin yara: kowane zango su zaɓi shugaba da ƙuri'a, a kafa kwamitin katuna da littattafai, na ruwa da tsafta, na lambu, da na bin sawun wanda ya kwana uku bai zo ba. A tabbatar 'yan mata suna shugabancin kwamitocin, kada a bar musu tsintsiya kawai. A ajiye akwatin shawara, a buɗe shi ranar Alhamis a gaban kowa, a kuma aiwatar da ko ɗaya ne daga ciki, in ba haka ba mako uku ya yi yawa su daina sakawa.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma mun fi so ku ji daga gare mu tun yanzu. A cikin aji, kuskuren farko shi ne a miƙa wa 'yan shekarar farko kati a ce su yi da kansu. A Kolombiya ma littattafan jagora daga aji biyu suke farawa, sai da malami ya koya wa yaro karatu tukuna. Zangon farko, rabin lokacin malam na sababbin shiga ne, kuma a lokacin ne kowa ke cunkushe a matakan ƙasa, don haka katunan matakai biyar na farko a buga kwafi uku-uku. Na biyu, babban yaro ya rikiɗe ya zama ƙaramin malami mai tsawa, ko ya riƙa faɗa wa ƙanensa amsa don a gama. Sai an koya musu yadda ake taimako: ka nuna da wani misali, ka tambaya, ba ka riƙe masa alli. Kuma taimakon kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a yini ga kowane yaro, domin shi ma karatu ya kawo shi. Iyayen manyan za su lura in 'ya'yansu sun zama ma'aikatan sa-kai, kuma suna da gaskiya in suka yi ƙorafi. A kula musamman da yarinyar da ke zuwa da ƙaninta, kada a haɗa su tabarma ɗaya kullum, reno zai cinye karatunta. Na uku, tsere: yara su gane cewa cika gurbi shi ne abin yabo, su riƙa kwafar juna suna haye tsani ba su iya ba. Maganinsa gwajin baki ɗaya-ɗaya, da komawa kan tsohon mataki ba zato duk ƙarshen wata. Sai gara da yoyon damina da awaki. Katuna a rufe su da leda mai kauri, a ajiye a akwatin ƙarfe a kan bulo, kwamitin yara ya ƙirga su duk Juma'a. Kati ɗaya in ya ɓace, duk wanda ya iso gurbin ya tsaya cik, shi ya sa kwafin asali ya kamata ya kasance a ofishin ƙaramar hukuma inda za a sake bugawa cikin mako guda.

Waɗannan duka malami nagari zai iya shawo kansu. Waɗanda suka fi ƙarfinsa daga ofis suke fitowa. Escuela Nueva kanta ta yi rauni a shekarun 1990, bayan an faɗaɗa ta da gaggawa an kuma mai da harkar ilimi hannun ƙananan hukumomi. Aka yi ta canza wa malaman da aka horar wurin aiki, aka kawo waɗanda ba su san tsarin ba, aka gajarta horo, wasu makarantu suka karɓi littattafai ba tare da wanda ya san yadda ake aiki da su ba. Inda ya ci gaba da ƙarfi, kamar lardin Caldas, ƙungiyar manoman kofi ce ta tsaya masa shekara da shekaru. Biyetnam ta ɗauki tsarin a 2012 a makarantu sama da dubu, kuma bayan 'yan shekaru iyaye da malamai a wasu larduna suka yi ta ƙorafi har aka dakatar da shi a can, saboda ajujuwa sun cika, malamai ba su gama shiri ba, iyaye kuma ba a yi musu bayanin da ya gamsar da su ba. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya faruwa a nan cikin zango ɗaya. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya ta isa ta kashe ajin da aka shekara biyu ana ginawa. Jami'in duba makarantu ya shigo ya tarar da malam a zaune ƙasa, yara na magana, babu darasin yau a babban allo, ya rubuta cewa ba a aiki, gobe benci sun dawo layi. Jarrabawar ƙarshen zango ta bai-ɗaya ta zo da tambayoyin aji biyu ga yaron da ke matakin aji ɗaya, malam ya ajiye katuna ya koma hadda don ya tsira da mutuncinsa.

Saboda haka abin da muke nema a hannunku ƙalilan ne, amma sai ku ne za ku iya ba da shi. Ku fitar da takardar umarni da ta halatta ajin haɗaka a zaɓaɓɓun makarantu, ta ɗauke musu jadawalin minti 35 da tsarin aikin mako-mako, ta karɓi takardar ci gaba a madadin jarrabawar zango a aji ɗaya zuwa uku. Sunayen yara su zauna a rajista bisa ajinsu yadda ƙidayar makarantu ta shekara ke buƙata, koyarwa ce kawai za ta bi tsani. A fara da makarantu 8 zuwa 10 masu kusanci da juna a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu, da malaman da suka yarda da kansu. Kada a tilasta wa kowa. A yi alkawari a rubuce cewa ba za a ɗaga su ba sai bayan shekara uku, kuma kowace makaranta a horar da mutum biyu saboda haihuwa da rashin lafiya.

Horon kada ya zama na otal, inda ake horar da masu horar da masu horarwa har abin ya iso ƙauye ya zama ruwa. A Kolombiya an yi shi ne bita uku, kowacce mako guda, a rarrabe cikin shekarar farko, malamai suna koyo ta hanyar da za su koyar, da ziyarar makarantar da tsarin ke aiki. Bayan haka malaman yanki suna haɗuwa wata-wata su warware matsalolinsu da kansu. A yi haka a nan: haɗuwa ɗaya a wata, a makarantar ɗayansu bi da bi, a biya kuɗin mota a ranar. Shugaban makaranta da jami'in da zai duba ta su zauna a bitar tare da malamin, a kuma ba jami'in takardar dubawa ta daban, wadda ke tambayar yara nawa suka haye mataki a wannan watan, wa ya maƙale, wane kati ya ɓace. Kuɗin wannan bai wuce abin da kason horar da malamai da na kayan koyarwa daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, zai ɗauka ba, in an sa shi a tsarin aikin shekara, tare da tanadin sake buga katuna kowace shekara. Makarantun da ke ƙarƙashin hukumar ilimin makiyaya, wadda aka kafa a 1989, suna cikin waɗanda suka fi buƙatar wannan, ya kamata a gayyato su tun farko.

Kafin a shimfiɗa tabarma ko ɗaya, a zauna da iyaye. A faɗa musu cewa littafin yaro ba zai cika da kwafe ba, a nuna musu allonsa a bango, a buɗe musu ƙofa su shigo ranar da suka ga dama. A zana kalandar gari tare da su: yaushe ake shuka, yaushe ake girbi, wace rana ce kasuwa, yaushe shanu ke tafiya mashekari. Yaron da ya yi mako uku a gona zai dawo ya tarar da gurbinsa na jiransa, kuma wannan ne zai sa uba ya dawo da shi maimakon ya ce ai an riga an wuce shi.

Aji huɗu ma sai an shirya masa. Yaron da ya shekara uku yana tashi ya ɗauko aikinsa, in ya faɗa hannun malamin da ke son shiru da naɗe hannu, za a kira shi marar kunya. Ko dai a shekara ta uku a buɗe haɗaka ta biyu ta aji huɗu zuwa shida, da littattafan jagora maimakon katuna tunda yanzu sun iya karatu, ko kuma aƙalla malamin aji huɗu ya halarci bitar ya karɓi takardar ci gaban kowane yaro.

Kada ku ɗauki maganarmu a kan amana kawai, ku auna. A makon farko a gwada kowane yaro shi kaɗai: yana gane harafi, yana karanta kalma, yana karanta gajeren sakin layi, yana karanta labari ya amsa tambaya, yana ɗebewa da aro. A yi gwajin nan a wasu makarantu goma masu kama da su da ba a taɓa ba. A maimaita ƙarshen kowace shekara, kuma masu gwajin su zo daga kwalejin ilimi mafi kusa, kada su zama malaman ajin ko waɗanda suka horar da su. A haɗa da adadin halarta a watannin damina da na girbi, maza daban mata daban. In bayan shekara uku babu bambanci, ku rufe shi. In akwai, ku ƙara makarantu gwargwadon yawan malaman da suka ƙware har za su iya karɓar baƙi a ajinsu, domin ajin da ke aiki shi ne wurin horar da na gaba.

Muna roƙon ku sa wannan magana a zaman da za ku yi na tsara aikin shekara mai zuwa, ku kuma umarci sakatarorin ilimi su kawo sunayen makarantun da malamansu ba su kai yawan ajujuwansu ba, tare da adadin yaran aji ɗaya zuwa uku a kowacce. Daga wannan jerin za a zaɓi na farko.

Allah ya taya ku riƙo, ya ƙara muku lafiya. Wassalam.

Naku,
Wasu malaman firamare da masu horar da malamai.